Fuskar 'Yar Mai Gona

Zuru, Litinin

Zuwa ga ɗiyata Gladys,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da sanyin Jos ɗinku. Mu nan lafiya lau, in aka cire ƙafata ta hagu, wadda yanzu ta kai girman kabewa, da kuma mutuncina, wanda har yau ba a gano inda ya faɗa ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ubanki a aji huɗu ya yi sallama da malamai, sauran a bariki ya tsinta. Waya kuma, kunnen da igwa ta cinye ba abin da ya iya sai "iye? iye?" Don haka ga takarda ta hannun Zakiyyu direba.

Memorin da kika aiko mai fim ɗinki a ciki ya iso. Kin rubuta cewa in kalla ni kaɗai, don ba a sake shi ba tukuna. Na karanta, na gane, na kuma yi abin da kika san zan yi. Na bi layinmu gida-gida. Na miƙe a zumuntar maza ta coci ranar Lahadi na yi sanarwa. Na je inda tsofaffin sojoji ke zama a bakin kasuwa, na ce duk wanda ya taɓa cewa Ɗanjuma bai haifi komai ba ya zo gidan kallon ƙwallo ya ga aikin ɗiyata darakta. Na sa babbar rigata ta Kirsimeti. Na zauna a bencin gaba kusa da abokina Mika, don shi ya fi kowa yi mini dariya lokacin da kika bar aikin banki kika ɗauki kyamara.

Gladys, me kika yi wa littafin marigayi Malam Aaron?

Wanga littafi, Noman Suruki, na karanta shi ya fi a ƙirga. Da yatsa nake bin sa, layi-layi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Tunda Jos ta mantar da ke, bari in tuna miki: golmo noma ne. Saurayi ya kwashe shekaru yana yi wa uban yarinya noma, shi da abokansa, kafin a ce masa ga matarka. Ni na yi shi a gonar kakanki har tafin hannuna ya koma kamar ƙasan takalmi. Shi kuwa yaron da kika sa, ya riƙe garma kamar an ba shi riƙon jaririn wata. Yana sara ƙasa sai ya tsaya ya fara waƙa. Kafin waƙar ta ƙare ya canza riga. A gona! Mika ya ce, "Saje, in haka golmo yake, ai da ni ma na yi na unguwa guda." Jama'a suka kwashe da dariya. Na haɗiye.

Sai yarinyar ta fito, 'yar mai gona. Gashin ido kamar tsintsiya, farce kamar na shaho, tana tafe da ƙwaryar ruwa tana rangwaɗa sai ka ce gwamna za ta miƙa wa. Kyamara ta matso, ta matso, har fuskarta ta cika talabijin ɗin. Ban san lokacin da na haye benci ba. Niyyata in tuɓe babbar riga in rufe abin. Riga ta maƙale a kaina, benci ya ce shi bai yi alkawarin ɗaukar Saje a tsaye ba, sai ga ni a ƙasa, ƙafa ƙarƙashin katako, kai cikin riga, ina ihu "A kashe! A kashe!" Wani mara tarbiyya ya ɗauka a waya. Yanzu ko'ina a Zuru ni ake kallo. Na riga ki shiga kasuwa, ni da ban je makarantar fim ba.

Ki yi dariya, kowa ma ya yi. Amma ki ji wannan. Malam Aaron bai ba yarinyar nan suna ba, bai ce doguwa ce ko gajera ba. Abin da ya rubuta kawai shi ne, "ta ɗago kai ta dube shi." Ya bar wurin fili, kowa ya shuka abin da ya ga dama. Ni na san wadda na shuka a wurin. Da aka kawo ni gida aka ɗaure ƙafar, na buɗe littafin in wanke idona. Na kai layin, ta ɗago kai, sai ga yarinyarki da tsintsiyarta. Na rufe, na sake buɗewa. Ita ce dai.

Kin yi mini sata, Gladys. Ki dawo mini da abina.

Ubanki,
Ɗanjuma

Jos, Asabar

Baba,

Ina gaishe ka da ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka je asibiti a ɗauki hoton ƙashin, kada ka tsaya wurin mai ɗori kaɗai. Na san halinka.

Bidiyonka ya riga wasiƙarka isowa. Har mutumin da ya ɗauki nauyin fim ɗin sai da ya nuna mini, yana tambayata ko tsohon nan da ke birgima ɗan'uwana ne, kuma ta yaya fim ɗin da ba a saki ba ya kai gidan kallon ƙwallo. Na tsaya a gabansa kamar wadda aka kama da kazar mutane a hammata. Abu ɗaya na roƙe ka, Baba. Ɗaya tak.

Sata kuma ban yi ba. Na je wurin 'ya'yan Malam Aaron, sun karanta abin da na tsara, sun yarda, sun sa hannu. Littafin bai zama naka ba don ka fi kowa karanta shi. Maganar garma na karɓa, yaron ɗan birni ne, na yi fama da shi har na gaji. Waƙa kuwa in babu ita masu saye ba sa karɓa, ba ni na kafa dokar ba. Amma Destiny, wadda kake kira mai tsintsiya, yarinya ce da ta yi aiki cikin rana har fatarta ta saɓule. Ba ta cancanci a rufe ta da riga ba.

Abin da kake faɗa, duk wanda ya karanta littafi sannan ya ga fim ɗinsa yana faɗa: ba haka na zata ba. To kyamara ba ta ɗaukar fili, Baba. Dole a tsayar da mutum a gabanta, mutum kuma da fuskarsa yake zuwa. Da wata na sa, da wani tsohon ne zai hau benci.

Ni na san abin da ke cin ka. Tun ranar da na bar banki kake jiran ka ga na faɗi. A gaban mutane ka yi taƙama da ni, a takarda ka kira ni ɓarauniya. Wannan ne fim ɗina na farko, kuma na zaɓi labarin ne saboda tun ina ƙarama nake ganin littafin a ƙarƙashin matashinka. Za mu nuna shi a Zuru lokacin bikin Uhola, in an kai amfanin gona gida. Na so ka zauna a gaba. Yanzu ban sani ba.

Gladys

Zuru, Laraba

Gladys,

Na gaishe ki. Ƙafa ta sauka daga kabewa ta koma gwanda. Na je asibitin, sun ce babu karaya, tsufa ne da rashin hankali, kuma ba su da maganin ko ɗaya.

Wa ya yi maganar banki? Wa ya yi maganar sa hannu? Ki tafi da 'ya'yan Malam Aaron da hannuwansu. Tunda sai an tauna an sa miki a baki, to buɗe.

Uwarki nake gani a wurin. Keziah.

Hotonta ɗaya ne a duniya, na ranar aurenmu. Ina can yaƙin Laberiya, gara ta shiga akwati ta cinye gefenta tas, ta bar ni tsaye ni kaɗai cikin kwat ɗin aro ina washe baki. Ko gara ba ta son fuskata. Da na dawo muka ce za mu sake ɗauka, yau, gobe, sai ciwon nan ya zo ya tafi da ita kina tatata. Shekaru suka yi ta wucewa. Wata rana na rufe ido in gan ta, sai na ga kamar mutum a bayan labule. Na tsorata, ni da harsashi bai tsorata ni ba. To, ƙarya ne, ya tsorata ni, amma ba irin wannan ba.

Sai na gano wani abu. In na ɗauki littafin nan daga shafin farko, na bi yaron gona-gona, na sha rana tare da shi, na ji zagin surukinsa tare da shi, to in na kai inda ta ɗago kai, Keziah ce ke ɗagowa. Sarai. Kamar ranar da ta kawo mana ruwa a gonar kakanki, ta dubi layin da na nome ta ce ko maciji ya fi shi miƙewa. In na yi wayo na tsallake kai tsaye zuwa shafin, ba ta zuwa. Sai na yi mata noman daga farko. Ban san yadda masu ilimi ke karatu ba, ni haka nake nawa.

Yanzu ina yin noman, in na kai, Destiny ce ke kawo ruwa. Na gwada da safe, na gwada bayan addu'a, na gwada da tabarau, na gwada babu. Na ce Mika ya karanta mini da ƙarfi, ko ragowar kunne zai yi abin da ido ya kasa. Ɗan banzan ya kai layin ya maƙe murya, "Ga ruwa, masoyina." Na jefe shi da sanda. Yanzu shi ma ba ma magana.

Ba ni da rigima da 'yar mutane, Allah ya ba ta miji mai gona. Amma ki cire ta. In ba za ta ciru ba, ki juya ta, a riƙa ganin ƙeyarta kawai. Ki ɗauki ƙwaryar, ki ɗauki ƙafafunta, ki ɗauki fuskar yaron lokacin da ya gan ta. Wataƙila in na sake kallo babu ita, ta tattara ta fita daga kaina. Kin ce kyamara ba ta ɗaukar fili. To ta koya. Ba ni kaɗai ba ne mai ajiya a wannan layi na littafin. In aka nuna shi haka a Uhola, tsofaffi da yawa za su koma gida su tarar an yi musu yasa, kuma a ce ɗiyar Ɗanjuma ce.

Ubanki

Zuru

Gladys,

Gaisuwa, in har ana gaida wanda ba ya amsawa. Zakiyyu ya je Jos ya dawo, ya je ya dawo, dawa ta fid da kai ta nuna, ni kuma kullum ina tasha da sanda kamar mai jiran fansho. Jiya ya ce, "Baba Saje, wallahi hannu da hannu na ba ta. A gabana ta karanta, ta ninke, ta shige ciki, ko a gaishe ka ba ta ce ba." Madalla. Na buɗe miki cikina, kin ninke. Da na sani da na bar ki da zancen bankinki.

In shirun nan yana nufin ba za ki cire ba, ki faɗa. In kuma yana nufin ubanki ya zare, wannan tsohon labari ne, duk Zuru na da shi a waya. Amma ki sani, ranar Uhola ba zan zauna a gaba ba, ba zan zauna a baya ba. A ƙofa zan tsaya, in riƙa gaya wa mutane abin da za a ɗauke musu in sun shiga.

Ɗanjuma

Jos, Juma'a

Baba,

Ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau. Ba raini ya sa na yi shiru ba. Na rubuta amsa na yaga, na rubuta na yaga, domin abin da ya fara fitowa ba a faɗa wa uba.

Ashe kana da ita. Duk shekarun nan fuskar Mama na ƙarƙashin matashinka, kana buɗewa kana kallo duk lokacin da ka ga dama, ni ina ɗaki na gaba ko inuwarta ba ni da ita.

Na tambaye ka. Ina firamare aka ce kowa ya zana mamarsa, na zo na ce, Baba, yaya take? Ka ce, "Kamar ni, amma ita an gama ginin." Na yi dariya don kai ma kana yi. Na zana mace na bar fuskar babu komai, malama ta ce ban gama aikina ba. Na sake tambaya ranar da aka yi mini baftisma, ka ce kai ɗaya gare ta da kunne biyu, in ci shinkafata. Na tambayi ƙanwarta, Anti Beatrice, ta ce "kyakkyawa ce," ta ja gefen zane ta rufe fuska. Daga nan na daina.

Ni ma na karanta littafin nan, Baba, a ɓoye, in ka tafi kasuwa. Na kai layin, ba wadda ta ɗago mini. Ka ce Malam Aaron ya bar fili kowa ya shuka. Wanda ba a ba shi iri ba fa?

Ka san yadda na zaɓi Destiny? 'Yan mata suka yi layi, kowacce ta zo ta ɗago kai ta dubi kyamara. Na zauna ina duban fuskokin 'ya'yan mutane ina cewa a raina, ko wannan, ko wannan. Da Destiny ta ɗago sai kawai na ce ita. Wataƙila ko kaɗan ba su yi kama ba. Wa zan tambaya?

Ba zan cire ta ba, ba zan juya ta ba. Ba don masu saye ba. Ita kaɗai ce fuskar da nake da ita, kuma ni na nemo abata.

Na yi baƙin cikin abin da ya same ka, Allah ya sani ba da gangan na yi ba. Amma in maganar a dawo wa mutum da abinsa ce, kai za ka fara. Ka zauna ka rubuta mini uwata, daga goshi har haɓa. Ban da wasa. In na ga wasa ko ɗaya, zan mayar wa Zakiyyu takardar.

Gladys

Zuru, Lahadi bayan sujada

Ɗiyata Gladys,

Gaisuwa. Ƙafa ta warke, ni da Mika mun shirya, gyaɗa ta yi kyau bana. Wasiƙarki ta zo. Na fara ta a tsaye, na gama ta a zaune. Ban yarda da rabinta ba. Ban da wasa? Ki ce wa kifi ban da ruwa. Kuma ina nan kan bakana, kin yi mini ɓarna.

Kin kuma ba ni aiki bayan kin kwashe mini kayan aikin. Don haka na hau mashin na tafi Dirin Daji wurin Beatrice, na ce ko zan ari wani abu a fuskarta, tunda ciki ɗaya suka fito. Na same ta tana sheƙar dawa. Na zauna ina kallonta.

Ta ce, "Mijin yaya, lafiya kake ƙare mini kallo? In aure ne ka makara, kuma sai ka sake golmo."

Na ce Allah ya kiyaye, fuskar Keziah nake nema.

Ta ajiye faifai. Ta ce ai ba su yi kama ba, ita ubansu ta ɗauko, Keziah uwarsu. Sai ta fara zana mini, wai tana da wushirya. Na ce ba ta da ita.

"Ni da muka ci tuwo ƙwarya ɗaya?"

"Ni da na aure ta fa?"

"Ka aure ta ka tafi bariki. Bindigarka ta fi ta ganin fuskarka."

Ta ce tabon goshinta a dama yake, na ce a hagu. Muka yi ta yi har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Na tashi ban ko jira tuwo ba. Ta biyo ni har bakin hanya tana cewa, "Wadda ke cikin littafin naka, ka tabbata yayata ce, ko kai ka ƙera abarka?" Na hau mashin na taho. Har yanzu maganar na nan a wuyana kamar ƙashin kifi.

Da na dawo sai na yanke shawara irin ta tsohon soja: tunda fuska yarinya ke so, in ƙera mata. Wa zai kama ni? Na sami takarda mai kyau, na fere fensir, na rubuta: "Uwarki doguwa ce, fara, mai dara-daran idanu kamar na barewa, kuma ba ta taɓa ɗaga mini murya ba." Ina ɗiga aya, sai na ji ana kallona.

Idon hagu, Gladys. In na shirga mata ƙarya ba ta cewa komai. Sai ta runtse na hagu rabi, girar ta sauko, ta bar ni in gama. Haka ta yi ranar da na ce mata ni kaɗai na kori 'yan tawaye daga kan gada. Haka ta yi ranar da na ce akuya ce ta shanye burkutun baƙi. Ga shi nan a gabana, da rana tsaka, ba littafi ba komai. Ƙaramin ido ne, ba ruwansa da barewa. Farinsa da ɗan ja saboda hayaƙin murhu, gashinsa gajere. Na ce, "To, Keziah, na ji." Na yaga takardar.

Kada ki yi saurin murna. Ido ɗaya ne. Sauran fuskar har yanzu ta Destiny ce, kuma ki auna yadda abin yake, idon uwarki a fuskar 'yar fim yana hararata. Na bi littafin daga farko, can ma haka. Ban sani ba ko sauran zai dawo. Na gwada wasu ƙaryayyakin da yamma, har na ce wa Mika ya fi ni kyau, ba abin da ya ƙaru.

Maganar tsayawa a ƙofa ranar Uhola, ban janye ba, ban kuma tabbatar ba.

To ga abin da ke hannuna na aiko: ido ɗaya, na hagu, a runtse. Saura na dama, da goshi, da hanci, da bakin da ban san ko da wushirya ko babu ba. Na san suna wuyana. Kada ki matsa mini, kada kuma ki je wurin Beatrice, na jabu za ta ba ki. Wanda na aiko ki riƙe shi a ranki, ke kaɗai. In na gan shi a fim, ni da ke sai gaban Fasto.

Ubanki,
Ɗanjuma